Tambaya da Amsa: Lakar da ambaliya ta bari a fadama, taki ce ko guba?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni manomin rani ne a bakin kogin Gongola, ƙasar Nafada. Ambaliyar bana ta shafe fadamarmu, ruwa ya daɗe kwance a kai, da ya janye ya bar laka mai kauri, wani wurin ta kai taƙi guda. Mu dai tun tasowarmu mun san sabuwar laka taki ce. Sai ga ƙanena da ke karatu a Gombe ya zo yana cewa irin wannan laka tana ɗauke da gubar ƙarfe irin wadda ta kashe yara a Zamfara, wai kada mu shuka komai. Ina noman shinkafa, albasa, tumatur da alayyafo. Ruwan ya shiga gida da rijiya, shanun makiyaya kuma sun fara sauka fadamar. Shin in bar gonar bana? Akwai maganin da ake fesawa ya kashe gubar?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye na gaba.

Kada ka bar gonarka a kan wannan magana kaɗai. Kuma babu wani maganin feshi da ke kashe gubar ƙarfe. Duk wanda ya kawo maka kwalba da wannan suna, kuɗinka yake so. Ƙanenka bai yi ƙarya ba, abin da ya karanta gaskiya ne, sai dai ya tsallake wani mataki. Ambaliya ba ta haifar da guba. Dako kawai take yi: abin da ta tarar a sama da kai shi take saukewa a gonarka. In ta biyo ta dazuka da gonaki, abin da iyayenka suka gaya maka shi ne daidai, taki ta kawo. In ta biyo ta filin haƙar ma'adinai, ko bolar gari, ko layin masu gyaran batir, to a nan ne za a tsaya a duba.

Ƙarafan da ake jin tsoro ba su da yawa. Dalma ce kan gaba, sai kadmiyam, zaiba, asanik da kuromiyam. Bambancinsu da sauran ƙazanta shi ne ba sa ruɓewa. Ƙwayar cutar da ruwa ya kwaso daga masai rana za ta kashe ta. Maganin ƙwari ma yakan lalace a ƙasa in an jima. Dalma kuwa ba ta da rai balle a kashe ta, in ta sauka a gona tana nan har jikokinka, sai dai a kwashe ta, ko a binne ta, ko wani ruwan ya ɗauke ta ya kai wa na ƙasa da kai.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne waɗannan ƙarafa ba a cikin ruwan kansa suka fi tafiya ba. Maƙalewa suke a jikin laka mai laushi, da ruɓaɓɓen ganye, da tsatsar ƙarfen da ke lulluɓe da ƙwayoyin ƙasa. Yashi ba ya riƙe su sosai. Ka gwada da kanka: ɗebi lakar nan cikin tafin hannu ka zuba a gorar roba, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka ajiye. Kafin ka ƙirga sittin yashi ya kwanta a ƙasa. Bayan awa ɗaya ko biyu za ka ga wani layi mai laushi a kansa. Ruwan sama kuma zai ci gaba da zama jaja-jaja har gobe, sannan ya bar wani siririn layi mai santsi wanda in ka murza tsakanin yatsu ba ka jin tsakuwa ko ɗaya. Wannan na saman, in akwai guba, a nan mafi yawanta take. Gorar ba za ta gaya maka ko akwai ba, amma za ta nuna maka yadda fadamarka ta kasu. Kogi yana zubar da yashi a bakin gaɓa inda ruwa ke da ƙarfi, ya tafi da mai laushin can baya, cikin kwari da tafkunan da ruwa ya daɗe a tsaye. Wato inda lakar ta bushe ta tsattsage, gefenta ya nannaɗe sama, nan ne wurin dubawa, ba tulin yashin da ya fi tayar maka da hankali ba.

To me ke sama da Nafada? Gongola daga gabashin tsaunukan Jos ya taso, ya ratsa ƙasar Bauchi ta Dindima, ya nufo arewa maso gabas, a wajenku ya yi kwana ya gangara kudu zuwa madatsar Dadin Kowa, ya je ya faɗa Binuwai a Numan. A can inda ya fito an fi shekara ɗari ana haƙar kuza, kuma har yau ana tono a ƙasar Toro. Amma kuza ba dalma ba ce, dutsenta ba ya narkewa da sauƙi, haɗarinta bai kama ƙafar na dalma ba. Jijiyar dalma da zinki tana kudancin Alkaleri da wajen Zurak ta ƙasar Wase, ita ce ma ake samun dutsen tozali daga irinta, sai dai kasancewar rami a jihar Bauchi ba ya nufin ruwansa ta ƙofarka yake bi. Kowane rafi da inda yake zuba. Ga kuma nisa: babbar ambaliya tana kwaso ƙasa mai tsabta tuli daga gaɓa da gonaki, ta cakuɗa da ɗan abin da ta ɗebo daga nesa, har ya zama bai taka kara ya karya ba kafin ya iso. Sau da yawa ambaliya ragewa take yi, ba ƙarawa ba.

Shi ya sa ni na kusa na fi jin tsoro. Ƙoramar da ke fitowa daga cikin gari ta bi ta bola, inda ake zubar da matattun batiran tocila da na waya da tokar wayar lantarki da aka ƙona don cire jan ƙarfe. Rumfar mai gyaran batirin mota da ke fasa shi a ƙasa, ya zubar da ruwan, ya narkar da dalmar. Garejin kanikawa da baƙin mai. Sai wurin da ake niƙa dutse ana wanke zinare, musamman in ana kama shi da zaiba. Majemar zamani tana amfani da kuromiyam, irin na Challawa da Sharaɗa a Kano. Ta gargajiya mai bagaruwa ba ta cikin wannan lissafi. Ka hau babur ka bi rafin da ke shigowa fadamarku zuwa sama, tafiyar kilomita biyar ko goma, ka tambayi mutanen ƙauyuka ko an buɗe sabon rami ko injin niƙan dutse. Wannan tafiya ta fi duk wani hasashe da zan yi maka daga nan.

Maganar Zamfara kuwa, ya kamata a faɗe ta yadda ta faru, don ba ambaliya ce ta jawo ta ba. A 2010 ne likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, 'Yargalma da Bagega. Dutsen da ake haƙowa don zinare cike yake da dalma, ana kawo shi cikin gida, ana daka shi a turmi ana niƙa shi a injin gari, ƙurar ta lulluɓe tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu. A wasu gidaje dalmar da aka auna ta haura miligiram 100,000 a kowane kilo na ƙasa, wato kashi goma cikin ɗari na ƙasar gidan. Ƙasar gona ta yau da kullum kuwa 'yan gomomi ne kacal. A 2015 abin ya maimaita kansa a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, yara 28 suka rasu. Lakar kogi da wuya ta kai kusa da wannan adadi. Darasin da ya shafe ka daga can guda ne: ta ƙura dalma ta fi shiga jiki, kuma yara ƙanana ta fi kamawa.

Inda kogi da kansa ya yi ɓarna shi ne a Japan. Kogin Jinzu da ke yankin Toyama ya yi shekaru yana kwaso kadmiyam daga ma'adinin Kamioka yana kaiwa gonakin shinkafa. Mutane, yawanci mata da suka manyanta, ƙodarsu ta lalace, ƙashinsu ya yi laushi yana karyewa, sai a 1968 gwamnati ta amince cewa kadmiyam ne sanadi. A can akwai babban ma'adini a kan kogin yana zuba ba dare ba rana, ba ambaliyar shekara guda ba ce.

Yanzu amfanin gonarka, don ba duka suke ɗaya ba. Saiwa ba ta cika jan dalma ba, ko ta ja ma a saiwar take tsayawa. Tumatur, tattasai, attaruhu, kuɓewa da masara su ne mafi aminci, abin da ke isa 'ya'yansu kaɗan ne ƙwarai. Albasa a ɓare ɓawon waje a yanke gindin, karas a fere. Alayyafo da latas da kabeji su ne abin lura, ta hanya biyu: suna jan kadmiyam su tara a ganye, kuma in ana ban-ruwa ƙasa tana fantsama ta manne a ganyen. Ta biyun wanki mai kyau yana maganinta, a canza ruwa sau biyu ko uku, a yar da ganyen ƙasa-ƙasa. Ta farkon wanki ba ya taɓa ta. Don haka in kana da shakku kan wani ɓangare na fadamar, can kwarin da laka mai laushi ta taru, ka sa tumatur da masara a nan, ka kai alayyafo wurin da ya fi tudu. Wannan ba zai ci maka ko sisi ba.

Shinkafa ita ce mai wuyar sha'ani. In ƙasa ta daɗe a nutse, iska ta ƙare a cikinta, tsatsar da ke riƙe da asanik sai ta narke ta sake shi, shinkafa ta sha. Amma a wannan yanayin kadmiyam a ɗaure yake. In kuma ka bar fagen ya bushe, asanik ya koma ya ɗaure, kadmiyam ya saki. Ka ga ba a iya ba manomi shawarar ya tsare ruwa ko ya sake shi sai an san wanne ne a ƙasar. Ma'aunin abinci na duniya na Codex ya sa iyakar kadmiyam a gyararriyar shinkafa miligiram 0.4 a kilo, asanik kuma 0.2. Dafa ta da ruwa mai yawa a tace, yadda matanmu da dama suke yi dama, yana rage asanik da kusan rabi.

Wani abu da nake gani a lambunan bakin gari yana damuna fiye da ambaliyar: takin bola. Ana saye a mota, baƙi wuluk, ganye ya yi kyau da shi. Ka tona tuli guda ka ga abin da ke ciki, ruɓaɓɓun batira da baƙin garinsu a waje, gutsuren gwangwanin fenti, toka mai warin roba. Manomin da ke zuba wannan duk shekara ya fi wanda ruwa ya shafe sau ɗaya shiga haɗari. Kashin shanu da na awaki da ruɓaɓɓen kara su ne takin da ke taimako, don suna kama ƙarafan su hana saiwa sha. Tokar itace da farar ƙasar noma suna rage tsamin ƙasa, kuma in tsami ya ragu kadmiyam da dalma ba sa motsi sosai.

Gida ya fi gona gaggawa. Ka kwashe lakar da ta shiga ɗaki da tsakar gida tun tana da danshi. In ta riga ta bushe, a yayyafa ruwa kafin a share, kada a bar mata su tayar da ƙura da tsintsiya yara na zaune. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa, kuma yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai tsotse in sun haɗiyi daidai. Wanda ke fama da ƙarancin jini ko yunwa ya fi tsotsewa. A wanke wa yara hannu kafin cin abinci, a shimfiɗa wa mai rarrafe tabarma, mai juna biyu da ke kwaɗayin cin ƙasa a hana ta ta wannan wuri. Kada a yi yaɓen ɗaki ko daɓe da lakar da ta fito daga ƙoramar gari. Mafi yawan yaran da dalma ta shiga jikinsu ba sa nuna komai, sai daga baya a ga karatu ya ƙi zama. In ta yi yawa ne ake ganin ciwon ciki, amai, kasala da jijjiga, a yi ta ba da maganin zazzaɓin cizon sauro ba sauƙi, wasu su ce iska ce. Gwajin jini ne kaɗai ke rabewa, madara kuma ba makarinta ba ce. A Zamfara agwagi ne suka fara mutuwa kafin yara, ba wanda ya kula. In ka ga kaji da agwagi na faɗuwa ba dalili, ka faɗa wa jami'in lafiya.

Rijiyar da ruwa ya shiga, abin da zai fara kwantar da iyalinka ba ƙarfe ba ne, amai da gudawa ne, don ambaliya ta bi ta masai kafin ta iso. A yashe ta, a kwashe lakar gindin, a zuba sinadarin kulorin, a ɗaga bakinta. Tafasawa da kulorin suna kashe ƙwayar cuta, amma ba sa cire dalma. Abin da ke ragewa shi ne a bar ruwa ya kwanta ko a sa alif, a tsiyaye na sama, tunda ƙarfen a jikin lakar yake. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha ita ce maikurogiram (kashi ɗaya cikin dubu na miligiram) 10 na dalma a lita, 10 na asanik, 3 na kadmiyam.

Shanu suna haɗiyar ƙasa da yawa in ciyawa gajera ce ko ta sha laka. A yammacin ƙasar Wales ta Birtaniya, bayan ambaliyar 2012, lakar da ta fito daga tsofaffin ramukan dalma da aka rufe tun da daɗewa ta ɓata harawa, shanu suka mutu. Gara makiyaya su dakata sai sabon tsiro ya tashi sama da lakar. Saniyar da dalma ta kama takan makance, ta riƙa cizon haƙora, yawu na zuba, tana tafiya tana karo da abu. Sau da yawa ma tsohon batir ta lasa a bola. Irin wannan a kira likitan dabbobi, kuma kada a ci hantarta da ƙodarta. Kifi ba ni da damuwa da shi sai in ana wankin zinare da zaiba a sama. A nan manyan masu cin 'yan uwansu, giwar ruwa da tsage, su ne ke tarawa, ƙarfasa ba ta kai su ba.

Ido ba ya ganin wannan guba, hanci ba ya jin ta, shuka na iya yin kore shar a kanta. In tafiyarka ta sama ta nuna maka wani abin zargi, sai gwaji. Kada ka yi shi kai kaɗai, ku haɗa kuɗi a ƙungiyarku ta manoman rani, samfuri biyar ko shida sun isa fadama guda a karon farko. Ga yadda ake ɗiba: da cokalin roba ko na itace, ba da fartanya mai tsatsa ko gwangwani ba. A ɗebi sabuwar lakar sama daban, daga wuri goma zuwa goma sha biyar a fage ɗaya, a cakuɗa a roba, a cire kamar rabin kilo. A tona ƙarƙashinta a ɗebi tsohuwar ƙasar gona daban. Sannan, wanda aka fi mantawa, a ɗebo ta kan tudu inda ruwa bai kai ba, don da ita za a gwada sauran. A shanya a inuwa, a ƙulle a sabuwar leda, a rubuta wuri da rana. Ku tuntuɓi sashen kimiyyar ƙasa ko na sinadarai a Jami'ar Jihar Gombe, ko ta Tarayya da ke Kashere, ko ta Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, ko cibiyar binciken sinadarai ta NARICT da ke Zariya. Malamin gona na yankinku zai iya haɗa ku. Ku ce a auna dalma, kadmiyam, kuromiyam da tsamin ƙasa, ku tambaya tun farko ko suna iya asanik da zaiba, don su biyun ba kowace na'ura ke yi ba. Wannan aiki ne da ƙanenka zai iya riƙe muku.

In takarda ta fito, kada lambar baƙin ƙarfe ta firgita ku. Za ku gan ta dubbai, haka jar ƙasarmu take tun fil azal. Ku duba dalma da kadmiyam. Dalma 'yan gomomi a kilo, kadmiyam ƙasa da miligiram ɗaya, kuma lakar ba ta fi ta tudu da wani abin kirki ba, to ku yi nomanku. In dalma ta shiga ɗaruruwa, a daina ganye a wurin, a hana yara wasa. Hukumar muhalli ta Amurka ta daɗe tana amfani da miligiram 400 na dalma a kilo a matsayin iyakar ƙasar gidajen zama, a 2024 ta sauko da ita 200. Siririyar laka mai ɗan ƙari, huɗa mai zurfi da takin dabba suna sirka ta. Mai kauri da ta yi yawa sai a kankare ta da danshi, a binne a rami nesa da rijiya da bakin kogi, a rufe da ƙasa mai tsabta, kamar yadda aka yi wa gidajen Bagega a 2013. A irin wannan hali ku kai takardar ga GOSEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Gombe, na Bauchi su kai tasu, BASEPA, da sashen lafiya na ƙaramar hukuma a gwada jinin yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ku tafi da mai unguwa da dagaci, ku nuna musu ainihin bolar ko ramin da abin ke fitowa, don in ba a tare can ba, ruwan baɗi zai sake sauke muku wata a kan wadda kuka kankare.